Shaidar Ɗan Tantabara

A garinmu Halab ba a karɓar shaidar ɗan tantabara, wato mai kiwon tantabara. Haka muka taso muka tarar, kuma abin bai taɓa damuna ba sai da na kai shekara sittin da ɗaya. Dalilin malamai biyu ne: wai muna hawa soro muna leƙen matan mutane, wai kuma ba mu da gaskiya. Na farkon sharri ne, wanda idonsa ke sama ina ya ga ta leƙen tsakar gidan wani? Na biyun kam ba zan yi musu ba. Duk ɗan tantabarar da ya ce maka bai taɓa rantsuwa a kan ƙarya ba, to yanzu ma wata ya shara maka.

Sunana Subhi, ana ce mini Abu Nizar. Ɗinkin katifa da matasai nake yi, amma wannan don a ci abinci ne kawai, rayuwata tana saman soro. Gida huɗu ne tsakanina da Hikmat, Abu Adib, mai gyaran risho. Shekara talatin muka yi muna yaƙi da shi, tun kafin ƙasar ta samu nata. Yadda ake yi, ka saki garkenka, shi ma ya saki nasa, ka ɗaga doguwar gora mai baƙin tsumma a kai kana juyawa kana fito, tantabarunka su kutsa cikin nasa. In ka sauke su, sai su sauko da ɗaya ko biyu nasa da suka ruɗe. In yaƙi kuke yi, abin da ya sauka kan soronka ya zama naka. In kuwa sulhu ke tsakaninku, dole ka mayar wa mai shi da hannunka kafin rana ta faɗi.

Wata biyu kafin yaƙi ya iso mana, dattawan unguwa suka gaji da zage-zagenmu ta saman gidaje, suka zaunar da mu a gidan gahawa suka yi mana sulhu. Muka sha gahawa, muka karanta Fatiha. Ba a yi sati ba Basha ya sauka kan sorona.

Basha shi ne zakaran garken Hikmat. Jan namiji ne mai farin wuya, ƙirji a buɗe, da zoben shuɗin dutse a ƙafar hagu. In ya shiga gaba garke duka shi suke bi. Na kama shi da niyyar mayarwa, Allah ne shaidata. Amma da na ji ɗumin jikinsa a tafin hannuna sai na ce bari a yi la'asar tukuna. Aka yi la'asar na ce bari rana ta ɗan yi sanyi. Rana ta faɗi yana cikin keji a ɗakin da nake ajiye auduga.

Washegari Hikmat ya tare ni a gidan gahawa, a gaban jama'a.

"Subhi, ina Basha?"

"Wane Basha? Ni makiyayinka ne?"

"Sorona na gan shi ya bari, naka ya nufa. Idona ba ya yi mini ƙarya."

"Idon da ko allurar risho ba ya gani sai da tabarau biyu? Je ka tambayi shaho."

Aka yi dariya. Shi bai yi ba. Ya ce a ɗauko Alƙur'ani daga kan kanta. Ni kuma na riga na yi nisa, ga idon mutane a kaina. Na yi alwala, na ɗora hannu, na rantse ban ga tsuntsunsa ba. Hikmat ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "To shi ke nan, shaho ne." Ya biya kuɗin gahawarsa ya fita.

Shekara biyu Basha ya yi a ɗakin auduga. Ban iya sakinsa ba, don zai koma gida ya tona ni. Ban iya nuna wa kowa shi ba. Na saci abin da ba ni da damar morewa, sai dai in shiga in zauna in zuba masa ido kamar wawa.

A cikin shekara biyun nan aka raba garin biyu, aka rufe hanyoyi. Nizar ya kwashi iyalinsa ya tsallaka Turkiyya, ya bar ni da uwarsa Wajiha. Adib, ɗan Hikmat guda ɗaya, ya fita neman gas bai dawo ba, ya bar wa iyayensa yara biyu. Jirage masu saukar ungulu suka riƙa zuwa suna sako mana ganguna cike da ƙarafa da abin fashewa. Unguwa ta koma hannun yaran da muka sani da majina a hanci, yanzu kowa da bindiga da gemu da sabon suna. Kowa ya daina tayar da tantabara. Da farko don tsoro, daga baya don babu abin ba su.

Ina da tantabara saba'in da huɗu. Ɗaya bayan ɗaya suka shiga tukunyar Wajiha. Ina yankawa ina kiran sunansu, ita kuma tana figewa ba ta kallona. Ranar da muka cinye ta ƙarshe, ta tsaya bakin ɗakin auduga ta riƙe ƙugu.

"Saura wannan ɗan sarkin naka."

"Ba nawa ba ne."

"Au, yau ka tuna? Shekara biyu kana ɗibar mini ɓarzajjen alkama kana ba shi, kana zaton ban sani ba. In ba naka ba ne kai wa mai shi. In naka ne kawo wuƙa."

"Ummu Nizar, da wane ido zan kalle shi?"

"Da wanda ka kalli Alƙur'ani," in ji ta, ta juya ta tafi.

Na kwana biyu ina juya maganar. Yankawa dai ba zan iya ba. Ɗauka in ƙwanƙwasa ƙofar Hikmat kuma, na gwammace ganga ta faɗo mini. Sai na samo dabarar matsorata: in sake shi ya koma gida da kansa, kowa ya ce ikon Allah. Hikmat na da sauran tantabaru goma sha uku, ya ƙi yankawa, yana tsinto musu ɓawon burodi a bola. Na ce ai gara can.

Ranar Talata da hantsi, Wajiha ta tafi layin gidan burodi, ni kuma na hau soro da Basha a cikin rigata. Na buɗe hannu. Ya ɗan tsaya kan yatsana kamar bai yarda ba, sannan ya tashi. Fiffikensa ya yi nauyi, shekara biyu ba wasa ba. Maimakon ya miƙe gida, sai ya ruɗe ya yi ta zagaye sama. Rabin gidajen da ya sani sun zama tsibin ƙasa.

Na laɓe bayan tankin ruwa ina kallo. Hikmat na kan soronsa yana shara. Ya ɗaga kai, tsintsiyar ta faɗi daga hannunsa. Na ga tsohon nan ya ruga kamar yaro ya buɗe akurki, goma sha ukun suka tashi, ya rarumi gorarsa da ta shekara biyu a jingine ya ɗaga. Yana juya baƙin tsumman yana fito, yana kiran "Basha! Basha!" Wallahi na ji daɗi a lokacin, har hawaye ya zo mini. Garken ya zagayo ya haɗiye Basha, ya shiga gabansu kamar jiya ya bari.

A cikin fiton nan ne ban ji ƙarar jirgin ba sai da ya zo kanmu.

Gangar ta faɗi a bakin gidan burodi. Mutum talatin da ɗaya suka mutu. Na sauko ba takalmi ina kiran Wajiha, na same ta zaune a bakin kwata, ƙura ta rufe ta fari fat, kunnenta na jini, amma da ranta. A unguwarmu, da, in ka ga gutsuren burodi a ƙasa sai ka ɗauka ka sumbata ka ɗora kan katanga don kada a taka. Ranar nan na ga mutanen da na sani suna tsallake gawa suna tsintar burodi, suna karkaɗe jinin suna cusawa a riga. Sai da aka gama da burodin aka juyo kan mutane. Ba na zagin kowa. Guda biyu na tarar a cikin mayafin Wajiha da muka isa gida, kuma mun ci.

Fawwaz mahauci ya rasa matarsa da 'yarsa Rima a layin. Ni na ɗinka wa Rima katifar aure, tana nan a shagona ba a zo ɗauka ba. Bayan an dawo daga maƙabarta, Fawwaz ya tsaya tsakiyar titi ya ce shi da idonsa ya ga Hikmat a kan soro yana kaɗa wa jirgi baƙin ƙyalle. Wata ta ce ita ma ta gani. Wani ya ce dama ya daɗe yana mamakin inda Abu Adib ke samun abin ciyar da tsuntsaye alhali mutane na cin ciyawa. Kafin la'asar maganar ta yi ƙafa ta yi hannu: wai an ba shi dala, wai an yi masa alkawarin sako Adib. Jirgin dai ya koma inda ya fito, matuƙinsa wataƙila yana shan shayi. Ba mai iya taɓa shi. Sai aka bar jaki aka koma dukan taiki.

Masu bindiga suka zo suka jawo Hikmat daga gida. Suka fasa akurkin, suka kama bakwai suka tafi da su don gashi, sauran suka tsere sama. Da yake soron nasa ya fi na kowa tsawo, sai suka kafa babbar bindiga a kai suka bar mutum biyu.

Washegari da safe na sa rigata ta Juma'a. Wajiha ta tare ƙofa. Tun faɗuwar gangar ba ta ji sosai, sai ta riƙa magana da ƙarfi.

"Ina za ka?"

"Kotu."

"Kana da hankali kuwa? Kai ma fa gora gare ka a soro!"

"Ni na jawo masa."

"Na sani! To in sun haɗa da kai, ni wa zai binne ni?"

Na ɗage hannunta a hankali na wuce.

Kotun a sito ne na wani ɗan kasuwar yadi da ya gudu. Alƙalin kuma Mu'utaz ne, ɗan mai sayar da turare a bakin masallaci, bai kai talatin ba. Katifar da aka haife shi a kai ni na ɗinka. Yanzu Shehi ake ce masa. Sito ya cika da 'yan unguwa. Hikmat na zaune a ƙasa, hannu a ɗaure, ido ɗaya a kumbure, ba tabarau.

Fawwaz ya faɗi abin da ya gani yana kuka. Mutum biyu suka mara masa baya. Mu'utaz ya tambayi Hikmat, shi kuma ya ce tantabarunsa yake kira.

"Shekara biyu ba wanda ya tayar da tantabara a unguwar nan," in ji Mu'utaz. "Sai ranar, sai a wannan sa'ar? Me ya sa?"

Na san Hikmat ya hango ni, don ya kau da kai.

Na miƙe. "Shehi, ina da magana."

"Faɗi, Baffa."

"Kowa a nan ya san gora da tsumma. Fawwaz, kai ma kana yaro sau nawa ka hau sorona ka roƙe ni in ba ka ka juya? Abu Adib tsuntsunsa ya gani a sama, Basha, wanda ya ɓace masa. Shi yake kira. Da jirgi da Basha sa'a ce kawai ta haɗa su."

"Tsuntsun da ya ɓace shekara biyu? Daga ina ya fito?"

Na ce, "Daga wurina. Ni na ɓoye shi. Ni na sake shi jiya da hantsi."

Can daga baya mai gidan gahawa ya ce, "Basha? Ba shi ne ka rantse a kansa ba? A shagona, Shehi. Da hannuna na miƙa masa Alƙur'anin."

"Haka ne, Baffa?" in ji Mu'utaz.

"Haka ne."

"Wato ka yi alwala, ka dafa littafin Allah, ka yi ƙarya a kan tsuntsu."

"Na yi. Amma yau gaskiya nake faɗa. Kawo Alƙur'ani in rantse."

Wani ya tuntsire da dariya, wasu suka taya shi. A gaban mutumin da ake shirin kashewa aka yi dariyar nan, kuma cikin masu yi har da waɗanda Hikmat ya sha gyara wa risho kyauta.

Mu'utaz bai yi dariya ba, wannan zan faɗa masa. Ya dubi Fawwaz, ya dubi masu bindigar da ke bakin ƙofa, ya dubi jama'a. Na ga yaron yana tsoro kamar ni. Ya ce, "Ko a lokacin zaman lafiya ba a karɓar shaidar ɗan tantabara, balle wanda ya amsa da bakinsa cewa ya yi rantsuwar ƙarya. Zauna, Baffa."

"Ku hau soro ku duba! Yana nan sama, ja mai farin wuya, da zobe a ƙafa!"

"Sama cike take da tsuntsaye."

"Mu'utaz, ɗana, don girman Allah. Ubanka ya san mutumin nan."

Ɗaya daga cikin masu bindigar ya matso ya dafa kafaɗata. "Tsoho, an ce ka zauna. Ko kai ma a duba soronka ne?"

Na zauna. Na waiga ina neman ko mutum ɗaya da zai ce wani abu. Biyu daga cikin dattawan da suka yi mana sulhu suna wurin. Ɗaya na jan carbi, ɗaya na duba farcensa. Aka yanke hukunci: bayan la'asar, a filin gidan burodi.

Da za a fita da shi suka bar ni na matsa kusa. Na durƙusa a gabansa. Shi ya fara magana, ƙasa-ƙasa.

"Ɓarawo. Ka ramar mini da shi."

"Hikmat, ka yafe mini."

"Tun ranar farko na san yana wurinka. Kana zaton ban san kukan Basha ba? Gida huɗu ne fa."

"Me ya hana ka tona ni?"

"Ka riga ka rantse a gaban mutane. In na tona ka, da wa zan yi faɗa?" Ya yi tari ya tofar da jini. "Bar wannan. Su bakwai ne har da shi a sama tun jiya. Ba za su sauka ba, waɗannan 'yan iskan suna kan sorona. Ba su sha ruwa ba, Subhi. Je ka sauke su a naka. Na ba ka."

Shekara talatin ina neman garken Hikmat, ga shi an ba ni a hannu.

Na hau soro bayan azahar. Suna nan, bakwai, suna zagaye. Su nufi soronsu, su ga mutane da bindiga, su sake tashi. Su ɗan sauka kan wani bangon da ya karye, wata ƙara ta kore su. Da ina da mace ko ɗaya, da na riƙe ta a hannu tana kaɗa fiffike sun sauko, amma mun cinye su. Saura gora. Tana nan kwance gefen tanki, tsummanta ya koɗe.

Na sunkuya na kama ta. Da na ɗago kai sai na ga masu bindigar nan biyu sun daina hira suna kallona. A tagar gidan Fawwaz akwai mutum. A soron da ke bayana wata mata ta tsaya da shanya a hannu. Na zuba ruwa a faranti na ajiye a fili. Na gwada yin fito, leɓena ya ƙi. Gorar nan da nake juyawa da hannu ɗaya tun ina ɗan shekara goma, ranar ko gwiwata ban iya ɗaga ta ta wuce ba. Na mayar da ita inda na ɗauka.

Ina tsaye a wurin aka kira la'asar. Ina tsaye aka idar. Na ji hayaniya ta taso daga fili, sannan harbi uku. Garken ya watse, kowa ya kama gabansa, shida suka yi gabas ban sake ganinsu ba.

Basha kaɗai ya dawo. Ya sauka kan tanki, ya sha ruwan, ya bi matakala da ƙafa har ɗakin auduga, ya tsaya bakin kejinsa yana jiran a buɗe masa. Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi wa ubana ba.

Ba a yi wa Hikmat zaman makoki ba, ba wanda ya isa ya je. A rana ta uku na sa Basha cikin riga na taka gida huɗun nan, na ƙwanƙwasa. Ummu Adib, matar Hikmat, ta buɗe, jikokinta biyu na riƙe da zanenta. An kwashe musu tukwane da risho da barguna, wai dukiyar maci amana ce. Na fito da shi na miƙa mata da hannu biyu, yadda ya kamata in yi tun ranar da ya sauka kan sorona.

"Na Abu Adib ne," na ce.

Ta dube shi, ta taɓa zoben ƙafarsa da yatsa. Ba ta zage ni ba, na so a ce ta yi. Ta dubi yaran, su kuma idonsu na kan tsuntsun.

"Tun shekaranjiya ba su sa komai a baki ba," in ji ta. "Kuma babu namiji a gidan, Abu Nizar. Shigo ka yanka mana shi."

Ta shiga ta ɗauko wuƙa. Ba ta da kaifi, sai da na wasa ta a bakin dokin ƙofa.